Takardar Fadama a Ƙarƙashin Randa

Tunda ka ce gobe za ka birni sayen akwatin ƙarfen nan da ake binnewa a daɓen ɗaki, zauna tukuna ka ji misalin wani manomin albasa.

Mutumin nan yana da fadama da ya gada wurin mahaifinsa, kuma duk shaidarsa a kanta takarda ce guda ɗaya tak. Dagacin da ya sa hannu ya rasu, shaidu ukun duk sun bi shi, ga maƙwabcin gona kuwa kowace shekara sai garmarsa ta ɗan lashi iyaka. In takardar nan ta salwanta, fadama ta zama ta wanda ya fi iya baki. Saboda haka da ya sayar da albasar rani, sai ya nufi birni wurin mai sayar da irin waɗannan akwatuna, ya yi wuni guda cur yana zaɓe. Ya ƙwanƙwasa wannan ya ce gwangwani ne. Ya jijjiga wancan ya ce makullinsa ko da tsinke a buɗe. Mai lambobi kuwa ko kallo bai ishe shi ba, shi da ke neman hularsa tana kansa. Can ya dace da wani ɗan madaidaici mai kauri, wanda sai da ya yi nishi kafin ya ɗaga. Mai kanti ya ce, "Malam, a wane irin wuri za ka binne shi? Don ƙasa suna ta tara." Manomi ya yi murmushi irin na masu wayo ya ce, "Ai in na faɗa maka mun zama mu biyu ke nan." Ya cusa akwati cikin buhun albasa ya kamo hanyar gida.

Ya jira ranar da matarsa ta tafi suna ƙauyensu, ya rufe ƙofa ya shiga nazarin ɗaki. Ƙarƙashin gado bai yi ba, nan kowane ɓarawo ke fara leƙawa. Sai idonsa ya faɗa kan randar ruwa da ke kusurwa, ya ji kamar ya yi wa kansa tafi. Wane ɓarawo ne zai tsaya ɗaga randa cike da ruwa? Ya kwashe ruwan, ya haƙa, ya dasa akwati, ya sa takarda ya kulle, ya mayar da yashi ya girke randa kamar ba a taɓa ba. Abin da bai taɓa lura da shi ba, don shi nasa dai ya ɗiba a moɗa ya sha ya yi hamdala, shi ne randa gumi take yi kullum, kuma da gumin nan take sanyaya ruwa. Bayan wata guda, wata safiya matar tana shara, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Maigida, in dai abin da ka binne ƙarƙashin randa ba kifi ba ne, gara ka ciro shi." Kokon da yake sha ya sarƙe shi. Ya ce, "Wane abu kuma?" Ta ce, "Oho. Ni dai shekara ashirin ina sharar ɗakin nan, ban taɓa ganin yashi ya yi jan tsatsa ba sai bana."

Girman kai ya riƙe shi har la'asar, daga nan ya kasa. Ya ture randa, ya tone yashin, ya sa makulli, makulli ya ƙi juyawa sai da ta ɗiga masa man gyaɗa. Murfi na ɗagawa warin danshi ya bugi hancinsa. Takarda ta yi laƙwas kamar dafaffen ganye, gefenta ya yi fumfuna, hatimin dagaci ya fara bajewa. Ya tuna ubansa da shekarun da ya yi yana ban ruwa a fadamar nan, ya bi rubutun da yatsa. Iyaka tana nan, sunayen shaidu suna nan, ko harafi bai tafi ba. Da an ƙara wata guda, da sai dai a kwashe ta da ludayi. Suka shanya ta a faifai cikin inuwa, suka danne da 'yan duwatsu, matar tana ƙunshe dariya da bakin zane. Shi ma da ya ga ba makawa sai ya tuntsire, ya sassauta murya ya ce, "To ke, ina ya dace?" Ta kai shi jikin bangon da ke wajen tudu, inda take ajiye gishiri da ashana, ta ce nan ko ana tsakiyar marka gishirinta bai taɓa jiƙa ba. Shi yana haƙa, ita tana kwashe ƙasa. Damina ta zo da ƙarfi a shekarar, ruwa ya shigo ta dokin ƙofa ya kwanta a kusurwar randa har idon sahu, manomi yana zaune bisa gado yana kallo hankali kwance, takardarsa a bushe.

To kai ma je ka zaɓi mai kauri, ka duba makulli da kyau. Amma kafin ka sa diga a ƙasa, tambayi wanda ke share wurin kullum, gida ne ko shago. Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.