Allurar Mas'uda

Ɗari uku da tamanin. Haladu ya sake duban lambar da ke kan na'urar awon suga, ya goge gilashin da gefen rigarsa ko za ta ragu. Tana nan yadda take. Ƙanwarsa Mas'uda na zaune a tabarma, ta danne yatsan da ya huda da auduga, idonta na kan randa.

"Yaya, ƙishirwa."

Moɗa ta huɗu ke nan, ga shi ko hantsi bai yi ba.

Shekara shida Mas'uda tana fama da ciwon suga, irin wanda ke kama yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin safe da yamma. Duk shekarun nan Inna ce ke riƙe da abin. Ba ta yi boko ba, amma ta san zanen da ke jikin sirinji kamar yadda ta san ƙofar ɗakinta. Kwalbar maganin kuwa a gindin randa take binne ta, cikin jiƙaƙƙen yashi. Da Inna ta rasu a farkon bazara, sai aikin ya dawo kan Haladu, ɗan acaɓa mai shekara ashirin da biyu, wanda ya bar makaranta a aji uku.

Ya riƙe amanar da hannu biyu. A asibiti a Kazaure an ce masa zafi na lalata maganin, a ajiye shi wuri mai sanyi. Zafin garinsu Gwiwa na bana kuwa, har ƙadangare inuwa yake nema. Sai ya tono kwalbar daga yashi ya kai ta shagon Daudu mai sola, wanda ke sayar da zoɓo da ruwan sanyi a bakin tasha. Safe da yamma yakan je ya karɓo ta, ya damƙe a tafin hannu har ta saki, ya yi allurar, ya mayar. Ko fasinja ya samu, idan lokaci ya yi sai ya ce a nemi wani.

Duk da haka sugan hawa yake. Yarinyar tana zubewa kamar sabulu a ruwa, zaninta na neman zagaye ta sau biyu.

Haladu ya ce a ransa lallai akwai mai ba ta zaƙi. Gidan kuwa su uku ne, shi da ita da Gwaggo Tasalla, yayar babansu, wadda ta zo daga Roni ta zauna da su bayan rasuwar. Ranar da tsohuwar ta tafi barka, ya bincike ɗakin, ya samu curin mazarƙwaila a ƙasan kwalla. Ya jira ta a tsakar gida da shi a hannu.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Na Innarku ne. Saboda ranar da sugan zai faɗi take ajiyewa."

"Sugan da kullum yake sama? Gwaggo, don girman Allah, tausayin nan naki shi zai kashe yarinyar nan."

Ta dube shi. "Ni na goya ubanka, Haladu. Ban kashe shi ba."

Ya jefa mazarƙwailar bayan katanga. Ya hana fura, ya rage tuwo. Ya ƙara zane biyu a sirinji, bayan kwana uku ya ƙara wasu biyun. Mas'uda ta rantse masa ko alawa ba ta lasa ba. Ya ce mata ai Inna ce ake yi wa wannan wayon, shi ba za a yi masa ba. Ta juya fuskarta ga bango. Tun daga ranar, idan ya zo da allura sai ta miƙo cinya kawai, ba ta kallonsa.

Ran Alhamis da safe ta fara amai. Numfashinta ya yi zurfi kamar na mai jan ruwa a rijiya, bakinta na ƙamshin mangwaron da ya nuna ya wuce. Na'urar ta daina nuna lamba ma. Haladu ya ɗora ta a babur, Gwaggo ta riƙe ta ta baya, ya biya shagon Daudu ya karɓi kwalbar, suka kama hanyar Kazaure. A hanya sau uku yana kiran sunanta. Sau biyu ta amsa.

Da isarsu asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, aka haɗa da insulin na asibitin. Sai bayan la'asar malamar jinya, Sa'adiyya, ta fito ta same su a baranda. Ta ce sugan ya fara sauka, amma Mas'uda ba ta buɗe ido ba tukuna, likita ya ce sai abin da Allah ya yi kafin gobe.

"Abin da ya ɗaure min kai," in ji ta, "maganinmu irin naku ne, kuma jikinta ya karɓa nan da nan. Anya ana yi mata allurar a gida?"

"Ko sau ɗaya ban tsallake ba," in ji Haladu. "Abinci ake ba ta a ɓoye."

Gwaggo ta sunkuyar da kai, tana jan carbi.

Malamar ta ce ya kawo kwalbar. Ta ɗaga ta wajen haske, ta juya ta a hankali. Wasu 'yan ɓurɓushi farare sun manne a jikin gilashin.

"Ina kake ajiye ta?"

Wannan ce tambayar da Haladu bai ji tsoronta ba. Tun rasuwar Inna, nan ne kaɗai ya tabbata ya yi abin da ya fi nata.

"Ba a yashi ba, Malama. A firizar Daudu, can ƙasa inda yake haɗa ƙanƙara. Ita ma ƙanƙara take zama. Zafi bai taɓa ta ba ko sau ɗaya."

Sa'adiyya ta sauke hannunta. Ta dubi Gwaggo, ta dubi ƙofar ɗakin da Mas'uda ke kwance, sannan ta rage murya.

"Bawan Allah, insulin idan ya daskare sau ɗaya ya mutu. Sati uku ke nan ruwa kake tsira wa ƙanwarka."