Hoton Tsohuwa Mai Daddawa

Bari in ba ka misali. An yi wani malamin makaranta da Allah ya jarrabe shi da son ɗaukar hoto da tsohuwar kyamara mai fim. Ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Duniya kowa na ƙyasta hoto da waya, shi kuwa gogan naka sai ya yi wata guda bai cinye fim ɗaya ba: ya auna haske, ya tsuguna, ya miƙe, ya murɗa nan ya murɗa can, ƙarshe ya fasa. Kowace Asabar yana fadama yana fakon tsuntsaye, in ka ga yadda yake goge kyamarar nan sai ka rantse jaririya ce. To, a maƙwabtansa akwai wata tsohuwa mai daddawa, 'yarta tilo na aure can Kumasi, sun shekara goma sha biyu ba su sa juna a ido ba. Ta ji wani direba ɗan unguwa zai tafi can bayan mako uku, sai ta roƙi malam ya yi mata hoto na takarda, wanda 'yar za ta riƙe a hannu. Baiwar Allah ta ari zane, ta sa lalle, ta zizara kwalli, ta zauna ta miƙe baya iya ƙarfinta. A ranar kuwa hoto uku suka rage masa a fim, ga shi an ce gauraki sun sauka a fadama. Sai rowa ta rufe masa ido. Ya ɗaga kyamara ya danna maɓallin fitila kaɗai, haske ya yi wal, ba a ɗauki komai ba. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka. A ransa ya ce in sabon fim ya iso daga birni sai ya san dabarar sake ɗaukarta.

Sabon fim kuwa ya ƙi zuwa. Kullum da safe sai ta leƙo da 'yar daddawa a ganye ta tambaya ko an wanko, shi kuma ya ce saura kaɗan. Da ya faɗi gaskiya, ai ko da waya sai a ɗauke ta a buga a kasuwa, amma ina! Bakinsa ya yi nauyi. Ranar tafiya aka kawo masa hotunan tsohon fim ɗin da ya aika wanki, aka kuwa yi rashin sa'a a gabanta aka miƙa masa, direba na tsaye a ƙofar gida yana jira. Ta karɓa ta zauna a ƙasa tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, tana kaiwa dab da ido. Ga belbela, ga ƙofar masallaci, ga gauraki har uku, tas kamar su yi magana. Ta kai ƙarshe, ta sake komawa farko. Malam na tsaye yana jiran ta zage shi ko ya ji sauƙi. Sai ta haɗa su a hankali ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce, "Wataƙila motsi na yi, ɗan nan. Ka yafe mini, na ɓata maka fim." Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Kunya ta hana shi ko ɗaga kai, yana ji direba ya ta da mota ya tafi da gaisuwar baki kawai. Ka ga, ba banza Hausawa suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.