Ƙyallen Tsakar Gida

Ranar Talata aka kafa dokar ƙyalle, wata huɗu bayan mun binne matata Tasalla. Ƙaramar hukuma ta raba wa kowane gida da ke kusa da masana'antar taki farin ƙyalle, a shanya a tsakar gida. In iska ta mayar da shi rawaya, ka kai musu, a rufe masana'antar sati biyu. Na karanta dokar sau uku. Hausarta ba daɗi, kuma ta makara.

Nawa ya rine yau da hantsi. Na ninke shi, na tafi.

A bakin ƙofar ofishin ƙaramar hukuma na tarar da Jatau, shugaban leburorin masana'antar, wanda ya haƙa kabarin Tasalla da hannunsa.

"Malam, don Allah mayar da shi aljihu," in ji shi. "Mu arba'in ne fa. Sati biyu me za mu ci, littattafanka?"

"Ba sa ƙosarwa, Jatau. Na gwada."

Bai yi dariya ba. 'Yarsa ma tari take yi, kuma ya san na sani. Ya kauce mini, na miƙa wa jami'in lafiya ƙyallen, injuna suka yi shiru.

Shekara shida fararen rigunana suna saukowa daga igiya da wannan launi. Shekara shida ina ce wa Tasalla ba ta iya wanki ba, tana sake wankewa, tana tari a gindin igiyar. Ban samu na ce mata ba laifin hannunta ba ne.