Busar da Uwar Ta Nema

Baba, kai ne mai ba mu misalai. Yau ni zan ba ka ɗaya, ko da yake ban gama gane shi ba.

An yi wani mai busa ƙahon tagulla. Da badujalar 'yan sanda ya fara, tafiya bisa layi ta ishe shi, ya koma otal-otal yana kiɗan jaz, irin wanda mutum ke ƙirƙirar sautinsa nan take. In leɓensa ya gaji sai ya sauke ƙahon ya rera waƙa da muryar nan tasa mai kaushi. Ya yi Jos, ya yi Ikko, ya dawo da furfura, ya rasu. Matarsa ta fita takaba, amma abinci ya ƙi shiga. Kullum tana ramewa. Rannan ta ce wa ɗansu, ita dai a busa mata abin da marigayi yake busa mata, ko ta samu ta haɗiyi wani abu.

Ɗan ya ɗan iya busa, amma bai san wace busa take nufi ba. Ya je wa mai gangar da ya yi kiɗa da mahaifinsa, shi kuwa ya rera masa wata mai sauri. Abokin kiɗansu mai jita ya ce, "Kai, rabu da shi, kurma ne!" ya rera wata mai sanyi. Tsohon mai otal ya rantse duk ƙarya suke, marigayin bai taɓa busa abu ɗaya sau biyu ba. To wacce zai kai gida? Ya zauna bakin tabarmar uwar, ƙahon na wari irin na hannun mai shi. Ya kama ta mai ganga, ta kuɓuce. Ya kama ta mai jita, ta tsinke a tsakiya. Hawaye suka rufe masa ido, ya yi ta hurawa kawai, bai san inda ya dosa ba. Da ya sauke, sai ta ce, "Ita ce. Miƙo min kunun nan."

Har yau bai san abin da ya busa ba. Ya sake nema, bai samu ba.

Ban faɗa wa kowa wannan ba tukuna, Baba, ko ita uwar tawa ban faɗa mata ba. Abin da na riƙe dai shi ne na Hausawa: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.