Adireshin Baban Yelwa

"Inna, in ba adireshi, ba ƙafa," in ji akawun ofishin tsofaffin sojoji.

Shekara shida ina jin wannan magana. Maigidana, baban Yelwa, ya baro ƙafarsa ta dama a yaƙin basasa. Abokansa 'yan gari an ba su ƙafar roba, har wanda ya rasa yatsa ɗaya ya samu sanda. Mu kuwa Fulani ne, da rani muna Karaye, da damina muna bayan Rogo.

Na ce, "Malam, a ruga kuka ɗauke shi soja. Ran nan ba ku nemi adireshi ba."

"Lokacin sauri ake yi, Inna."

Dungun ƙafar ya ruɓe. Da daminar 1987 muka binne baban Yelwa.

Da na fita takaba na koma, don in kalli idon mutumin. Na ce, "Ya daina yawo. Yana Jajaye, gabas da gari, gindin tsamiya. Ba zai ƙara ƙaura ba."

Ya rubuta tsaf, ya buga hatimi, ya yi murmushi.

"Kin gani? Abu mai sauƙi! Ki kawo shi ran Litinin a gwada masa."