Tambaya Biyu a Görlitz

Henrike tana saman tsani tana kankare tsohon fenti daga rufin wani daɗaɗɗen gida a tsakiyar garin Görlitz da ke kan iyaka da Poland, sai ta ji takun Bartosz. Ma'aikacin jinya ne, kullum yakan tsallako gada daga ɓangaren Poland ya kawo mata abincin rana. Yau babu komai a hannunsa sai takarda.

"Wani asibiti can a birnin Hamburg ya ɗauke ni aiki," ya ce, bai ɗago kai ba. "Ki aure ni, Henrike, mu tafi tare."

Ta tsayar da aikin. Ta dubi zanen furannin da ya fara bayyana a rufin bayan ɗaruruwan shekaru a ɓoye. Duk 'yan ajinsu sun tafi biranen yammacin ƙasar neman aiki, ita kaɗai ta rage, ga mahaifinta da ƙafa ta fara gaza masa.

Ta sauko a hankali har suka yi ido huɗu. "Tambaya biyu ka haɗa mini wuri guda, sarkin wayo. Raba su."

"In na raba fa?"

"Ta farko na daɗe da amsa ta a zuciyata. Ta biyun ce ba zan iya ba."

Ya murza gefen takardar.

"Sun ba ni zuwa Juma'a in yi shawara," ya ce.

"Ina nan har Juma'a," ta ce. "Bayan Juma'ar ma ina nan."