Motar Mushe Ta Sake Zafi

Allurar zafi ta hau ja kafin ya kai gonarsa ta Jiratawa. Mushe Maman Lawali ya kashe motarsa kat-kat a tsakiyar rairayi, ya ɗaga murfin inji. Sandar awon mai ta yi tsalle ta bar raminta. Baƙin mai ya wanke inji har ƙasa, hayaƙi na tashi da warin ƙuna.

Karo na huɗu ke nan cikin wata uku.

Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa, ana kiransa Mushe kamar kowane malamin boko, daga Tibiri har unguwar Zariya ta Maradi, bai taɓa barin kuskure ya kwana a littafin ɗalibi ba. Da ya ajiye alli ya sayi tsohuwar motar nan don ɗauko albasa da tattasai daga gona, kuma yana kula da ita yadda ya kula da ajinsa. Kowace safiya yakan duba ta daga gaba har baya, kamar yadda yake duba farcen yara a layi. Inda take kwana a gidansa siminti ne, ko ɗigo ɗaya na mai ba ya yarda ya gani a kai.

Makaniken da ke gyara ta shi ne Ya'u, mai rumfa a garejin Sabon Gari. Mushe ya san shi sarai, tun yana ɗalibi a ajinsa. Bencin baya yake zama, sifiri yake ci a dikte, wato shifta. Ga shi yau ya yi gemu da ƴaƴa biyar, yana kiran kansa mai gyaran inji. Sau uku ya canza robobin da ke riƙe mai, sau uku suka fashe. Kullum motar takan fito lafiya daga hannunsa, ta kai gida lafiya, bayan ƴan kwanaki a hanya ta koma tafasa. A wurin Mushe wannan aikin jaki ne, kuma jakin da ke karɓar lada.

Amalanken shanu ne ya jawo motar zuwa kwalta. Albasar ta kwana uku a gona, rabi ta ruɓe.

Mushe ya rubuta ƙara shafi biyu, da kwanan wata na kowane gyara, ya kai wa Sallau, shugaban makanikan garejin. Abu biyu ya nema: a sake masa inji, a kuma kori Ya'u daga rumfa, kada ya sake cutar wani.

Aka zauna ranar Asabar a ƙarƙashin dalbejiya. Makanikai goma sha ɗaya suka zo, bakwai daga cikinsu sun bi ta ajin Mushe. Da ya iso duk suka miƙe. Ya'u ya durƙusa, ya cire hula.

“Ya'u Isa,” in ji Mushe, kamar mai kiran suna a aji. “Faɗa wa mutane abin da ka yi wa motata.”

“Mushe, inji yana numfashi kamar mutum. In ya yi zafi, mai yakan yi tururi. In tururin bai samu hanyar fita ta bututunsa ba, sai ya fasa roba, mai ya tsiyaye, inji ya ƙone.”

“Kun ji likita! To wa ya hana shi fita?”

Ya'u ya dubi ƙasa.

“Da kai nake. Ko har yanzu sai an maimaita maka tambaya sau uku?”

“Mushe, akwai wani abu da nake cirewa duk zuwan da ta yi...”

“Madalla! Sallau, ka ji da kunnenka. Cire mini kayan mota yake yi.”

“Ba haka ba ne, Mushe.”

“Ƙarya nake yi ke nan?”

Ya'u ya juya. Ya dubi Sallau, Sallau ya dubi takalminsa. Babu ko ɗaya a wurin da ya taɓa ce wa Mushe ya yi kuskure, tun suna sa gajeren wando.

“A yi haƙuri, Mushe,” in ji Ya'u.

Sallau ya yanke hukunci da ƙaramar murya. Garejin zai gyara injin, Ya'u kuma zai kwashe kayan aikinsa ya bar rumfa. Da la'asar aka ga Ya'u yana ɗaure akwatin ƙarfensa a bayan babur. Mushe bai tsaya kallo ba. Wanda bai iya aiki ba, ya ba mutane wuri.

Mako biyu Sallau ya yi a kan injin da hannunsa. Ya canza robobi, ya wanke tukunyar ruwa, ya zuba sabon mai, ya gwada motar har Tibiri ya komo. Allura ba ta wuce rabi ba.

Washegari da safe Mushe ya fito dubawa. Ga ɗigon mai a kan simintinsa, baƙi ƙirin, girman tsabar dala. Ya durƙusa ya leƙa. Siririn bututun robar nan ne da ke saukowa daga kan inji, bakinsa a buɗe yana kallon ƙasa. Har Sallau, shugaba guda, bai fi Ya'u ba: su haɗa inji su bar bututu a sake kamar hancin yaro mai mura.

Ya yi tsaki, ya fere totuwar masara, ya cusa ta a bakin bututun, ya ɗaure da waya tamau, kamar yadda ya yi washegarin kowane gyara tun ranar da ya sayi motar.